Kunnen Anacleto Mai Giyar Baya

Ranar da asirin Seu Anacleto ya tonu, da sanyi aka tashi a garin Castro, irin wanda raɓa ke daskarewa a kan ciyawa ta yi fari fat. Ruwan kwamin shanu ya yi ɓawo, sai da aka sa dutse aka fasa. Rana ta fito amma ba ta da wani ƙarfi, hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidaje ya ƙi tashi. Asabar ce, cikin watan Yuli, tsakiyar hunturu a can kudancin duniya. Anacleto ya sa riga biyu, ya ɗora ta ulu wadda matarsa ta saƙa masa, sannan ya kawo tsohuwar rigarsa ta fata mai gashin tunkiya a ciki ya jibga a kai. Wannan rigar ce ta ja masa.

Shekararsa sittin da takwas a lokacin, fiye da arba'in a ƙarƙashin mota ya yi su. A garejin manyan motocin katako ya koyi aiki, da ya kama nasa wurin a bayan gidansa sai ya tsaya a kan abu ɗaya. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa birki. Giyar baya kawai. A cikin tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya akwai faranti mai haƙora, da ɗan ƙaramin kai da furofela ke juyawa, shi kuma ya juya farantin. In haƙoran ƙaramin kan ba su da yawa, giya ta zama gajera: mota ta zabura daga tsaye kamar an tsikare ta, amma a doguwar hanya inji ya yi ta ihu. In suna da yawa ta zama doguwa, tashi da nawa, tafiya a natse. Masu tsofaffin motocin nan masu silinda takwas, waɗanda ke ƙara wa inji ƙarfi don tseren mita ɗari biyu, tun daga Ponta Grossa har Curitiba wurinsa suke zuwa.

Yana da tsarinsa, ba ya sauyawa. Zai ɗaga mota a jak, ya yi wa taya da furofela alama da alli, ya juya yana ƙirgawa. Zai zagaye taya da zare ya auna. Sannan ya tambayi mai mota, "Ina kake zuwa da ita ranar Lahadi?" Sai ya ji amsa yake faɗin haƙori nawa za a sa. In ya haɗa, ya shafa wa haƙora rawayan fenti ya ga inda suke cizo. Na ƙarshe shi ne saurare. Akan cire kujerar baya, ya kwanta a kan ƙarfe, mai mota ya ja su zuwa titi. Giyar da ba ta zauna daidai ba tana wani siririn kuka kamar na sauro, wata in an taka totur, wata in an saki. Abin da aka san shi da shi ke nan: giyar da ta fita daga hannun Anacleto ba ta taɓa dawowa tana kuka ba. Ba shi da allo a ƙofa. Wannan maganar ce allonsa.

To, kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Magana yana ji in an fuskance shi, rugugin inji ma yana ji. Siririn sauti ne ya ɓace masa, wato dai abin da yake ci da shi. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, Dona Zulmira, ita ma ba gaya mata ya yi ba, ita ta lura butar shayi na ta fito a kan murhu yana zaune kusa bai motsa ba.

Zulmira mace ce da in famfon maƙwabta na ɗiga sai ta hana kanta barci. Shekara arba'in tana mitar ƙarar garejin nan. Sai suka shirya a tsakaninsu. Ya ce wa mutane bayansa ya daina yarda da kwanciya a ƙarfe, kuma yanzu daga kujerar gaba ma yana ji. Ita kuma duk ranar gwaji sai ta ce a rage mata hanya zuwa Carambeí ta sayo kek. Ta zauna a bayansa da jakarta a cinya. In giya ta yi kuka a kan totur, ta taɓa kafaɗarsa sau ɗaya. In a sakin totur ne, sau biyu. In shiru, ba ta taɓa shi. Shekara uku suna haka. Masu zaman benci a ƙofar gareji har tsiya suke masa, wai tsoho ya koma zance, ba ya fita sai da budurwarsa.

Mako uku kafin ranar sanyin nan Juvenal ya kawo motarsa. Juvenal mai shagon maganin shanu ne a bakin kasuwa, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, ya haura hamsin. Yana da mota ƙirar Maverick ruwan lemo, ya kashe mata abin da matarsa ba ta sani ba, inji ya ƙaru, giyar baya tana nan doguwa yadda ta zo. Duk wata Tadeu mai gidan burodi yana barinsa a layin tashi a filin tseren Curitiba.

"Seu Anacleto, faranti mai haƙori arba'in da ɗaya da ƙaramin kai mai tara nake so. Irin ta Tadeu."

Anacleto ya gama auna taya da zarensa, ya naɗe shi a yatsa. "Ina kake zuwa da ita ranar Lahadi?"

"Ka san inda nake zuwa. Zuwa zan yi in ci uban mai burodi."

"Da me kake kai ta filin?"

"Da ƙafarta mana. Jirgi zan sa ta?"

"Tadeu a bayan babbar mota yake ɗora tasa. Kai kilomita ɗari da hamsin za ka yi zuwa, ka yi su dawowa, ga matarka Dona Neide a gefe. Sha ɗaya za a sa maka. Kuma da tayar nan taka, mai tara za ta cinye giya ta uku kafin ka kai layin ƙarshe, sai ka sa ta huɗu a daidai inda ba ka da lokacin sa ta."

Juvenal ya yi dariya har cikinsa na rawa, ya juya wajen masu benci. "Kun ji tsoho! Ka ce dai tsoro kake ji. Kowa ya san mai tara ta fi wuyar saitawa, ita ce mai kuka. Ko hannu ya fara rawa ne, baba?"

Wasa yake yi, amma maganar ta zauna wa Anacleto. Da yamma ya zauna gaban murhu yana gasa pinhão, ƙwayar wata bishiyar yankin, yana ɓarewa ba ya ci. Gaskiya ne mai tara ta fi saurin kuka. Shi kansa bai iya rantsewa cewa don Juvenal ya ce sha ɗaya ba don kunnensa ba. Zulmira ta ce, "Tsoho, in ba za ka ci ba ka daina ɓarnar wuta." Ya ce mata lissafi yake yi.

Da safe ya kira Juvenal. Ya riga ya ƙirga: giya ta uku ta motar a kan doguwar giyar da ke ciki, daidai take da ta huɗu a kan mai tara.

"Ɗauki Dona Neide ku je Ponta Grossa. Ka sa ta uku, kada ka sa ta huɗu har ku isa, ka riƙe ta a ɗari. Abin da ka ji, shi za ka riƙa ji duk Lahadin tsere. In ka dawo kana son tara, zan sa maka tara da hannuna."

Ba su kai Ponta Grossa ba. Neide ce ta ba da labarin a kasuwa: allurar juyin inji ta kusa dubu huɗu, ƙasan mota ya yi zafi har ta ɗage ƙafa, mai yana sauka ana gani. A Carambeí ta ce masa, "Juvenal, ko ka sa giya, ko ka sauke ni in hau motar madara." Ya dawo gareji yana sosa ƙeya.

"Sa sha ɗayan. Amma in mai burodi ya sake cinye ni, a ƙofarka zan zo in yi kuka."

"Ka zo. Akwai benci."

Kayan suka iso, Anacleto ya haɗa cikin kwana biyu. Fenti ya nuna cizo a tsakiyar haƙori, ya ɗan karkata kaɗan, irin karkatar da ido ba ya iya yanke mata hukunci sai kunne. Aka sa gwaji ranar Asabar, ita ce ranar sanyin.

Juvenal na tuƙi, Anacleto a gefensa cikin rigar fata, Zulmira a baya da bargo a gwiwa. Suka hau titin Carambeí, gonaki fari fat hagu da dama.

"Taka," in ji Anacleto. Juvenal ya taka har tamanin. "Saki."

Ya saki. Zulmira ta ji shi sarai, siriri, daga ƙarƙashin kujerarta. Ta miƙa yatsa ta taɓa kafaɗar mijinta sau biyu. Bai motsa ba. Fata, gashin tunkiya, ulu, riga biyu, yatsar tsohuwa ba ta ratsa su ba. Aka sake takawa, aka sake saki, ta sake taɓawa. Tana tsoron ta danna da ƙarfi Juvenal ya gani a madubi.

Anacleto ya jira abin da ya saba jira, bai ji komai a kafaɗarsa ba. Ya gyara zama ya ce, "Shiru take. Ta zauna. Juya mu koma."

Juvenal ya buga sitiyari. "Tsoho mai hannun zinariya! Ni dai ban ji komai ba sai salansa."

Ba zai ji ba ranar nan, salansarsa ta cika kunne. Amma Zulmira ta san yadda abin yake tafiya. Haƙora za su ci juna a karkace, bayan wata ɗaya kukan zai fito fili, a filin Curitiba, gaban Tadeu da kowa. Kuma giyar da ta riga ta ci a karkace ba ta gyaruwa. Ta dubi ƙeyar mijinta har suka wuce wata gona guda. Sannan ta matso, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Tana kuka, tsoho. In an saki totur. Sau biyu na taɓa ka, wannan buhun da ka sa ya hana ka ji."

Juvenal ya dube ta a madubi, ya dubi Anacleto. Ya rage gudu ya sauka gefen titi ya kashe mota. Ƙarfe na ta ƙas-ƙas yana hucewa.

"Dona Zulmira, me kika ce?"

Anacleto ne ya amsa, yana kallon gaba. "Ta ce tana kuka. In ta ce tana kuka, tana kuka. Ni na daina jin wannan tun shekara uku."

"Shekara uku? To giyar Tadeu fa, ta bara?"

"Ita ta saurara."

"Kek ɗin fa?"

"Kek ɗin muna ci," in ji Zulmira.

Juvenal ya buɗe baki zai yi irin dariyarsa, ya ga fuskar tsohon, ya rufe. Ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, maganar ta mutu a motar nan. Anacleto ya ce a'a. Ya cire rigar fatar ya ajiye a cinya, suka koma.

Ranar ya sauke tulun, ya sauya 'yar siririyar wosha da ke bayan ƙaramin kan da wadda ba ta fi ta da kaurin takarda ba. Kafin rana ta faɗi suka sake fita. Wannan karon Zulmira da baki ta yi magana. Ta sa aka taka aka saki sau huɗu, sannan ta ce, "Yanzu ta yi shiru."

Ranar Litinin da masu benci suka taru, shi da kansa ya gaya musu, a tsaye, da sifana a hannu, cikin magana uku ko huɗu, ya koma ƙarƙashin mota. Labari ya zaga. Wasu sun ɗauke motocinsu sun kai Ponta Grossa, mutum biyu ma da ya yi wa aiki shekara ashirin ba su sake takowa ba. Aiki ya ragu, bai tsaya ba. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sukan leƙa kicin tukuna su tambaya ko Dona Zulmira tana da sarari ranar Asabar. Ta daina fakewa da kek, ta kuma kafa sharaɗi: motar da salansarta ta cika ƙara ba ta shiga sai an toshe.

Juvenal ya je Curitiba da ƙafar motarsa. Tadeu ya riga shi tashi kamar kullum, amma ya tsaya sa giya ta huɗu dab da layi, Juvenal ya zo a ta uku ya wuce shi da tsawon hannu. Wata na gaba Tadeu ya rama. Haka suka yi ta yi shekaru, kowa da ranarsa.

Sun yi shekara tara suna aikin tare a fili. Da Zulmira ta rasu, Anacleto ya ƙarasa giyar da ke kan tebur, ya mayar wa mai ita ya ce a kai wani ya saurara, ya rufe garejin. Yanzu yana gidan 'yarsa a Carambeí, ya haura tamanin, yana kula da 'yan kaji da kabejin bayan gida. Maverick ɗin tana wurin Juvenal, da haƙori sha ɗayan da aka sa mata.