Paten Makokin Baba Mai Tuta

Ni na tayar da Mama daga bakin tasha. Gara in faɗa da bakina tun farko, don 'yan'uwana sun riga sun gama yaɗa shi a dangi.

Rumfarta tana gefen tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan tun ban san hagu da dama ba. Paten acha take yi, da yakuwa da gauta da gyaɗa, wani lokaci tuwo da miyar karkashi. Jirgi ne ya haifi garin nan. Layi ya taso daga kudu, a nan ya rabu biyu, kowa kuma ya biyo shi: Inyamurai, Yarabawa, Hausawa 'yan kasuwa, da mu da muka gangaro daga ƙauyuka da cittarmu. Mama tana cewa a da ba ta duba agogo, kukan jirgi ke gaya mata lokacin ɗora tukunya. Ni dai da na yi wayo jirgin ya fara wasan ɓuya, yau ya zo, gobe babu, har ya bar zuwa. Ciyawa ta cinye layin, awaki suka gaje taragun.

Abin da ya rage mata tsofaffin 'yan reluwe ne, su bakwai ko takwas a benci ɗaya, suna shan pate suna gardamar wane direba ya fi iya hawan tudu. Babbansu shi ne Baba mai tuta, Musulmi, dogo, siriri, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga tuta yana tsayar da motoci a mararraba in jirgi zai wuce. Rumfar tana da al'ada guda: duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, in ya mutu, Mama za ta rufe kasuwa, ta dafa babbar tukunya, ta kai gidan makoki da kanta. Ba ta tambayar coci yake zuwa ko masallaci. Ko a shekarun da garin ya tsage, unguwa ta daina shiga unguwa, haka ta riƙa tsallaka layin dogo da tukunya a ka, mu muna gida muna addu'a. Baba mai tuta yakan tsokane ta: "Mama, nawa a ƙara gyaɗa, kin ji? Kada a ce na mutu da rowa." Ita kuma ta ce, "Ka mutu tukuna mu gani."

Ni kuwa ina da shagon hoton takardu kusa da ƙofar jami'a, ina kallon yadda garin ya juya baya ga tasha. Ɗalibai ko'ina, da jakunkuna a baya, wasu daga kwalejin Gidan Waya ma suke zuwa. Mai taliya da ƙwai ba ya hutawa, masu shinkafa da miya sai zubawa a roba suke. Ranar Asabar su cika motoci zuwa ruwan Matsirga ko gindin dutsen Kagoro, su dawo da yunwa. Uwata kuma tana can tana kore ƙuda wa tsofaffi. Haba! Abin ya ci mini rai. Na dame ta, na yi fushi, na haɗa da kuka, har na kai ƙara wurin matan zumunta na cocinmu. Ƙarshe ta gaji. Na samo mata rumfa jikin shagona, na kwaso kayanta zuwa ɗakina.

Ranar da za mu tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, labarin mutanena a benci yake samuna. Yanzu babu benci. Duk abin da kika ji, ki gaya mini." Mama ba ta riƙe waya, ta ce ƙarar na tsinka mata zuciya. Na ce to, Mama, ai wannan ba komai ba ne.

Paten ya karɓu, ban yi ƙarya ba. Ɗalibai suna so, sai dai a roba, a tsaye, kunne toshe da waya. Mama tana zubawa, ba ta da wanda za ta yi wa tsiya.

Satin rantsar da sababbin ɗalibai, gari ya cika da iyaye, injina ya yi zafi kamar dutsen guga. Ran Talata wani ɗan acaɓa da ya san mu tun tasha ya tsaya a ƙofar shagona, bai ko kashe mashin ba. Ya ce, "Anti, ki gaya wa Mama, Baba mai tuta ya rasu da safen nan." Na leƙa rumfarta, layi har titi. Na san in ta ji, a take za ta sauke tukunya ta kore su duka.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. A gidanmu mutuwa ba ta gaggawa. Gawa takan yi sati biyu, uku, a asibiti ana jiran 'ya'ya daga Legas, ana ɗinka anko, mawaƙan coci suna gwaji. Na san sarai Musulmi a ranar suke binnewa, a garin nan aka haife ni. Amma zaman makokin sai na auna shi da namu. Na ce ai mutane za su yi ta zuwa gaisuwa, ga kuma sadakar arba'in can gaba, bari satin nan ya wuce. Satin ya wuce, na ƙara kwana uku don ban san ta inda zan fara ba.

Da na faɗa mata, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta tambaya, "Yaushe?" Na ce kwana goma. Ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, ta ce in je kasuwa in sayo gyaɗa, mai yawa.

Washegari muka ɗora tukunyar a keke mai ƙafa uku, muka bi ta kasuwa, muka tsallaka layin dogo zuwa unguwarsu. Ni nake riƙe da murfin, tururi yana ƙona mini yatsu. Muka sami ƙofar da kwaɗo. Ba tabarma, ba buta, an share wajen tas.

Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa, ta fito jin ƙarar keke. Da ta ga Mama sai ta kama baki. "Ayya, Mama! Sai yau? Ai 'ya'yan sun tafi da uwarsu Bauci tun bayan sadakar bakwai, can za ta ƙarasa takaba. Ba mai zama da ita a nan."

Mama ta ce, "Ban ji ba ne."

Ta rufa mini asiri, a gabana, ina tsaye.

Dattijuwar ta ce, "Mun ce ko ba ki da lafiya. Ranar uku mata suka zo girki, matarsa ta ce kada kowa ya yi pate, na Mama na hanya, shi da kansa ya bar wasiyya. Har la'asar tana aikawa a duba bakin layi. Ranar bakwai ma haka ta hana. Mutane suka ci shinkafa suka watse."

Mama ta zauna a dakalin ƙofar, har mai keke ya fara danna ham. Sannan ta roƙi dattijuwar ta kira matan unguwa su zo da kwanukansu. Suka zo, ba su fi biyar ba. Ta zuba musu da hannunta, kowacce ta ce Allah ya jiƙansa, ita ma ta amsa da amin. Tukunyar ko rabi ba ta yi ba.

Na matso zan ɗauka mu tafi. Ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Bari. Ke koma shago, ɗalibanki suna jira."

Na hau keken ni kaɗai.