Matuƙin Jirgin Wudil

Kwana huɗu Hajiya ba ta ce mini uffan ba. Laifina kuwa, na faɗa a gaban surukinmu cewa shayin mamak, wato mai shagon abincin da ke ƙasan bene, ya fi nata. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, sai a nan ƙasar waje, unguwar Danau Kota, gidan 'yarmu mai karatun digiri na uku, bakina ya jawo mini. Abinci ma ta hannun jikarmu yake iso ni, kamar ɗan kurkuku.

Ran Asabar bayan azahar ruwa ya tsuge. Jikar, 'yar shekara bakwai, ta ɗora mini littafinta mai hoton jirgin ruwa a cinya.

"Kaka, karanta mini."

Ni da na yi sallama da boko a aji biyu! Na ce na littafi ƙarya ne, bari ta ji na gaske. A garinmu ba a tatsuniya da rana, amma na lura ƙofar kicin a buɗe take.

Na ɗauko tsohuwar tatsuniyar budurwa mai ƙin samari, na mai da ita 'yar sarkin aljanun teku, zamanin sarakunan Malaka na ƙasar nan. Na kawo wani kyakkyawan matuƙin jirgi daga Wudil da lodin goro.

"Wudil akwai teku?"

"Da akwai. Shanu suka shanye."

Na ɗaga murya. "Gimbiya na ganinsa ta rikice. Sau uku tana aika masa da dakuwa yana yanga. Ƙarshe ita ta biyo shi cikin ruwa da kuka, wai ya taimaka ya aure ta."

Motsin tukunya ya tsaya a kicin.

"Shi kuwa jarumi, ko igiyar ruwa ta kai tsayin rimi..."

"Malam, ka ji tsoron Allah!" Sai ga Hajiya, ludayi a hannu. "Wa ya yi kuka? Wata bakwai kana zarya a ƙofar gidanmu kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Kwalekwale ne ba jirgi ba, kuma kafin tsakiyar kogi ka amayar da furarka a kan goron gaisuwa!"

"Kaka, ashe kai ne? Matsoraci lah!" in ji jikar, da irin bakin 'yan ƙasar nan.

"Matsa," Hajiya ta ce mini. Ta zauna har kafaɗarta na taɓa tawa, ta jawo yarinyar. "Zo ki ji yadda aka yi."

Har aka kira la'asar tana tona mini asiri. Ban musa ko ɗaya ba. Da na ga za ta kai ƙarshe, sai in jefa wata ƙaryar.