Sunan da ke Jikin Cokali

Cokali ne ya faɗo kan siminti, ƙil, daga adakar surukata, ranar da nake kakkaɓe mata kaya. Ƙanin maigidana, wanda ya zo hutu daga Yamai da gilashinsa na masu ilimi, ya riga ni ɗauka. A jikin cokalin an zana sunan da ke kan katin dantite, wato katin shaida, na duk gidanmu, sunan nan da ba na Barebari ba, ba na Hausa ba, wanda malaman lakwal, makarantar boko, sai sun gyara zama kafin su kira shi.

Da kakar tattasai ya dawo da takarda daga intanet, lokacin abin yana sabo.

"Matar Yaya, ki fara rusuna mini. Daga Sikotilan muke. Sunan wani kwari ne cikin duwatsu, kuma masu shi duk duniya ba za su cika kasuwar Gagamari ba. Wasu sun tafi Kanada, wasu Ostareliya."

"Sauran kuma suka zo Diffa shanyar tattasai," na ce. "Ga hancin ma ya nuna."

Iya, surukata, tana gefe tana tsinke hancin tattasai. Ba ta ɗago ba ta ba da asalin sarautar. Mijinta yana saurayi ya haye kogin Komadugu zuwa Barno, ya yi wa wani Bature likitan shanu girki. Da ya dawo, mutane suka laƙaba masa sunan uban gidan don tsokana. Ranar da mai rubuta sunaye na gwamnati ya zo yana gona, maƙwabta suka amsa masa da laƙabin. Gadonmu na Sikotilan ke nan: cokali ɗaya, shi ma a lanƙwashe.

Ƙanin nawa bai ji ba, takardarsa tana da tambari. Ranar sadakar tunawa da marigayi mijin Iya, shi ya shiga gaba, ya ba sabon limamin da ya zo daga garin Maine sunan kati. Muna cikin gida muka ji ana nema wa likitan shanu gafara da aljanna, maza suna amin da ƙarfi. Ban yi wa likitan baƙin ciki ba, Allah Ya sani. Amma na ga hannun Iya ya tsaya a kan carbi.

Ba za ta gyara ba. Tun da aka kawo ta gidan bakinta bai taɓa kama sunan mijinta ba. Ƴaƴansa ba sa faɗa, uba ne. Ni suruka, ina ni ina. Na Baturen kowa yana kira don ba nasa ba ne. Mun yi ta girmama bawan Allah har muka kusa shafe shi. Sau ɗaya na ji sunan, ranar ɗaurin aurena, daga bakin tsohon liman, shi ma ya rasu.

Bayan la'asar ƴata, tana aji uku, ta same ni ina wanke kwanonin sadaka. Ta tambayi abin da ya sa Iya kuka, na gaya mata. Sai ta tsinto tsinke ta miƙo mini, ta share ƙasa da tafinta.

"Inna, ba sai kin faɗa ba. Rubuta mini nan. Ni jika ce, ni zan kai wa liman."