Lugude a Ƙirjin Maigidana

Da kaka ne, shekarar da ruwa ya dawo mana bayan yunwa. Maigidana ya shigo da hantsi da damin hatsi a kai, ya aje, ya zame ya zauna ƙasa. Zufa ke zuba mishi kamar an fiddo shi daga rijiya. Ya ce wani abu ya danne mishi ƙirji har cikin hannun hagu.

Na ɗora kunnena a ƙirjinsa. Na san bugun zuciyar mutumin nan, kamar mata biyu ne a turmi guda. Ran nan taɓarya uku na ji. Ta ukun tana shigowa ba kan ƙa'ida ba, ga wani huci a ƙarƙashi kamar salkar ruwa da ta huje.

Mu can Tama asalinmu Arna ne. Iyayenmu ba su kai sabon hatsi baki sai an zuba wa iskokin gida gumba a gindin tsamiya. Maigidana tun da ya kama salla ya bar wannan. Gwaggonsa ta zo ta saurara, ta ɗago a hankali.

"Su ne ke daka, ɗiyata. Ya hana su rabonsu, sun shiga suna dakan abinsu."

"Gwaggo, ku kai ni likita," in ji shi.

"Likita bai san su ba, ɗan nan. Yi shiru."

Munka sussuka, munka daka, anka zuba gumba. Na koma na saurara. Ukun na nan, har sun ƙara sauri. Sai bayan azahar ƙanensa ya ɗaura amalanke, munka kama hanyar asibitin Buza.

Majo, babban mai duba marasa lafiya na wurin, ya sa abin saurarensa a kunne, ya daɗe. Ya ce hanyar jinin zuciya ce ta toshe, har wani wuri ya yage a ciki, hucin nan jini ne ke komawa baya. Ban taɓa sanin zuciya na yagewa mutum yana magana ba.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun hantsi."

Ya aika a nemo motar da za ta kai shi babban asibitin Madawa. Kafin ta iso, maigidana ya yi kalmar shahada, ya cika bisa bencin likita.

Ban yi kuka ba. Sai da munka kusa gida na ga ashe takalmansa ne riƙe a hannuna.