Uwar Benci da Mai Gyaran Agogo

Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a teburin bakin ƙofa na asibitin ido, har an manta sunanta, Uwar Benci kawai ake ce mata. Benci uku ne a ɗakin jira, kuma ita ke raba su. Na gaba na waɗanda likita zai gani yanzu-yanzu ne, na tsakiya na masu iya kaiwa tsakar rana. Na baya kuwa na masu ƙaiƙayi ne da masu neman tabarau, su sai su gyara zama.

Ba ruwanta da wanda ya riga zuwa. Tambaya uku take yi: yaushe abin ya fara, gani ya ragu ko bai ragu ba, wani abu ya faɗa idon ko ya buge shi? Mai jan ido da ke rantsuwa zai makance kafin gobe, sau da yawa baya take tura shi. Wanda take tsoro shi ne mai zuwa a sanyaye ya ce, "Ba ya ciwo fa, kawai dai..." Wannan kafin ya rufe baki ta miƙe. Zagi kam ta sha shi ta ƙoshi, har wata ta taɓa tambayarta ko bencin gadon gidansu ne.

Abin da masu zagin ba su sani ba, benci ne ya raba ta da yayanta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu. Mai gyaran agogo ne, a gefen teburinsa ta koyi karatu, tana riƙe masa ƙananan noti a murfin kwalba. Shekara shida da suka wuce ya kawo matarsa da ƙaiƙayin ido, ya tsaya gabanta yana murmushi kamar wanda ya shigo gidansa. Ta nuna musu bencin baya. Bayan awa huɗu ya taso ya yi mata magana a hankali, ita kuma ɗaki ya cika, kanta ya yi zafi, sai ta ce da ƙarfi, "A teburin nan ba ni da yaya!" Ya kama hannun matarsa suka fice. A batun benci tana da gaskiya, amma maganar nan, kai, ita ma ta san ta kwafsa. Sau biyu ta je gidansa, sau biyu aka ce yana barci.

Kewarsa take yi, kewa mai cin rai. In ta tashi aiki sai ta bi ta layin shagonsa, ta ɗaya gefen titi, don kawai ta hango ƙeyarsa a sunkuye kan aiki. Ba wani dogon abu take nema ba. Su zauna waje ɗaya ko na awa guda, ta ba shi haƙuri da bakinta.

Wata Laraba da safe ta ɗago kai daga rubutu, sai ga shi a layi, mutum huɗu tsakaninsu. Ya yi furfura, rigar ta yi masa yawa. Nan take dabara ta zo mata. Mutum mai shekarunsa, mai aikin ƙananan abubuwa, me zai kawo shi in ba tabarau ba? To, bencin baya! Zai wuni a inda take ganinsa. In rana ta yi za ta kai masa ruwa, in an tashi su fita tare, dole ya saurare ta ko don kunyar titi. Har ta fara tsara abin da za ta ce.

Ya iso teburin, ya ajiye katinsa bai kalle ta ba.

"Yaya, ina kwana," ta ce. "Me ke damun idon?"

"Ba komai ba ne. Ba ya ciwo ma."

Ta ajiye biro. "Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya na riƙa ganin walƙiya, da wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje. Yau da na tashi sai wani duhu ta gefen hagu, kamar an ja labule."

Wayyo Allah. Ta san labulen nan, ta ji shi daga bakin mutane fiye da yadda za ta ƙirga. Fatar can bayan ido ce take ɓallewa, kuma jira cinye ido yake yi. Ta dubi bencin baya, akwai wuri daidai saitin teburinta. Wallahi na ɗan lokaci kaɗan zuciyarta ta so wurin nan. Sai ta ture kujera, ta buga ƙofar likita da tafin hannu, ko sallama babu.

Minti goma ba su cika ba likita ya fito da takarda. Sai babban asibiti, yau ɗin nan, kada ya ci komai, kada ya tsaya ko'ina. Ta fita da gudu ta tare mota, ta dawo ta riƙo gwiwar hannunsa ta hagu, tana ja da shi ta cikin mutane. Wunin da ta tsara ya koma taku ashirin daga ƙofa zuwa bakin titi. Duk maganar da ta tara ta ƙi fitowa, abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "A hankali, akwai tudu."

A cikin ɗakin mutum talatin na jiranta, wata da aka watsa wa ruwan batir tana kuka a bakin tebur. Ba ta da halin bin sa, shi ma ya ga haka. Ta buɗe masa mota, ta nanata wa direba ƙofar da zai tsaya.

Bai shiga ba. Ya tsaya da hannu ɗaya a kan murfin, yana juya kai yana laluben inda take.

"Auta," ya ce. "Zagayo ta dama mana. Ta nan ba na ganinki."