Goma Ba Ta Yi Ba

Shekara goma sha tara ina ɗinka wa Saloma kaya, don haka in maganar jikinta ake yi, ba wanda zai ba ni labari. Ni tela ce, sunana Tasalla, shagona na bakin hanya a Rikoto, katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Farkon saninmu yadi huɗu ke isarta riga da zane har da ɗankwali. Yanzu shida ne, kuma ko ƙyallen goge keke ba ya ragowa. In zan auna ƙugunta sai na zagaya ta da ƙafa kafin bakin tef ya haɗu. Nakan tsokane ta in ce sai ta biya ni ladan tafiya, ita kuma ta ce ai gara ita, ni iska ma na iya ɗaukata.

Sana'arta dafa abincin taro. Biki, suna, rasuwa, taron zumuntar mata a coci, liyafar sojan da ya yi ritaya, duk inda aka girke manyan tukwane a Zuru za ka same ta a kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni. Mu Musulmi ma muna kiranta, mu yanka dabbarmu mu miƙa mata. Mijinta Dominic soja ne, ya rasu a bakin aiki ya bar ta da 'ya ɗaya, Glory, kuma da ludayi ta rene ta har ta aurar.

Abin da ke cin ranta yana can bayan Ribah. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a wani ƙauye a kan tudu tare da Ishaya, ƙanen Saloma. Babur a gindin dutse yake tsayawa, sauran tafiyar hawa ne a ƙafa tsakanin duwatsu, kusan rabin awa ga mai lafiya. Iya ta haura tamanin da biyar, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, ba ta saukowa. Saloma kuwa shekara huɗu rabonta da hawa. Ranar da ta gwada ta ƙarshe gwiwarta ta riƙe a tsakiyar hanya, sai da maza huɗu suka sauko da ita a kan wani tsohon ƙyaure, mutane na kallo. In Ishaya ya kara wa Iya waya a kunne ba ta jin komai sosai, magana ɗaya take maimaitawa, a gaya wa Saloma ta zo, ita Iya tana so ta shafa fuskar 'yarta.

Wannan ne ya kai ta asibiti. Ta hau sikeli, aka ce kilo ɗari da ashirin da takwas. Nas ɗin da ta duba ta ta ce gwiwa ba za ta ɗauke ta zuwa kan tudu ba sai ta sauke aƙalla ashirin. Ta tsara mata doka mai sauƙin faɗi: ta ci abinci tsakanin ƙarfe goma na safe da shida na yamma, a ƙaramin kwano, kafin nan da bayan nan sai ruwa. Saloma ta dawo da murnarta, har ta sayi agogon hannu, abin da ba ta taɓa ɗaurawa ba.

Ni da na ji dokar na san an yi ta ne don mai zaman ofis. Ita tun asuba ake hura mata wuta. Mata goma ko fiye ke aiki a ƙarƙashinta, kuma ba tukunyar da ake saukewa sai an kawo mata ludayi ta ɗanɗana, na miya, na dafa-duka, na farfesu, wani sau biyu, wani sau uku. Kafin goma ta yi ta riga ta karya doka ba adadi, alhali cikinta ba komai. Daga goma zuwa shida kuma lokacin rabo ne, ga shi a al'adar masu girkin taro uwar tukwane ba ta zama cin abinci sai baƙon ƙarshe ya ci. In an gan ta da loma a baki za a ce ta fara da kanta. To baƙon ƙarshe kan wanke hannu bayan magariba. A lokacin ne masu girki ke zama kan ƙanzo da gindin miya, inda mai ya kwanta, da yunwar yini guda a cikinsu. Awa takwas ɗin da aka ba ta ta ci su ne daidai waɗanda ba ta da ikon ci.

Ba za a ce ba ta yi bakin ƙoƙarinta ba, ni shaida ce. Ta ɗaure ciki da ɗankwali kamar mai jego. Ta koyi cin goro a shagona don kashe yunwa, har haƙoranta suka fara ja. Ta gwada ɗanɗanawa ta tofar, sai wata daga cikin matan ta fashe da kuka, wai an tofar da miyarta a gaban jama'a, aka kwana biyu ana ba ta haƙuri. Ta ɗora Glory a kan ɗanɗano, aka yi wani biki a Mahuta miya ta yi gishiri, gari ya ɗauka wai hannun Saloma ya lalace. Ta koma ɓoye dafaffen ƙwai biyu a haɓar zane, da azahar ta lallaɓa bayan katanga ta ci. Ran nan gwaggon wani ango ta gan ta tana tauna, ta dawo tana faɗa wa mutane mai girki na cin naman baƙi a ɓoye. Da kunnena na ji, kuma ban bar matar ta tafi haka ba, amma magana ta riga ta fita. Saloma ba ta ƙara ɗaukar ƙwai ba.

Ranakun da ba aiki ma ba sauƙi. Takan zo shagona tun takwas ta zauna a benci, ido na kan agogo, ba ta ko iya hira. Goma na bugawa ta ci ɗan kwaɗon zogalenta, ta suɗe kwano, ta kama jiran na gaba. Wata rana ta ce da ni:

"Maman Ummi, na ciyar da rabin garin nan, amma ban taɓa sanin yunwa na da murya ba sai yanzu."

Na ce ta yi haƙuri, jiki zai saba. Ban yarda da abin da na faɗa ba.

Da azumi ya zo ta ce za ta bi mu, tunda bukukuwa sun yi sauƙi. Ta kuwa riƙe, ta sauke kilo biyar, muka yi murna kamar an yi haihuwa. Sai Salla ta zo. Ni da hannuna na zuba tuwon shinkafa da miyar taushe da kaza na aika mata, don tunda muke maƙwabtaka ban taɓa fasawa ba, kuma na ji kunyar a ce bana na hana. Gidaje bakwai suka yi irin tunanina. Bayan Salla bukukuwa suka dawo a jere. Har yau in na tuna kwanon nan haushin kaina nake ji.

Mafi ciwo shi ne da labari ya hau tudu cewa Saloma ta daina cin abinci. Iya ba ta san wata doka ba, abin da ta sani shi ne ɗan da ba ya ci ba shi da lafiya. Duk ranar kasuwa sai ga Ishaya a babur da gyaɗa, da zuma, da dakakkiyar dawa, wani lokaci da kaza, da saƙon cewa Iya ta ce ya tsaya ya ga ta ci kafin ya dawo. Saloma ta yi masa bayani har ta gaji. Ya ce ya gane, amma shi ba zai koma ya yi wa makauniya ƙarya ba. Na sha ganinta tana ci tana hawaye, shi yana tsaye da hularsa a hannu.

Wata takwas ana haka, sikeli ya ce ɗari da ashirin da biyar. Na auna ta don ɗinkin zanen zumunta, tef ya nuna inci ɗaya da rabi ya ragu. Na ce mata inci uku ne. Ta dube ni ta yi murmushi, ta san ni ta san tef ɗina.

Iya ta rasu ran wata Talata cikin damina, aka sa jana'iza Juma'a. Na rufe shago na raka ta. Mota ta sauke mu a gindin dutse, inda aka girke tukwanen baƙi saboda nan ne rijiya take. Saloma ta kama sanda ta nufi hanyar hawa. Ta yi taku kamar talatin, ina riƙe da hannunta, sai ta tsaya. Ishaya ya ce a nemo maza da ƙyaure, ta girgiza kai, ta ce ba ta je wa Iya da ƙafarta tana raye ba, ba za a kai ta kamar kaya ba. Muka dawo da ita ƙarƙashin wata ɗorawa, aka ba ta kujera.

Mai makoki ba ya girki, kowa ya sani. Amma matan da ke kan tukwanen nata ne, sun saba. Muna zaune, waƙar coci da yarensu na saukowa daga kan tudu, alamar an ɗauko gawa, sai ɗaya daga cikinsu ta zo da ludayin miya, ta tara hannu a ƙarƙashinsa, ta durƙusa.

"Mama, a ɗanɗana."

Saloma ta dubi ludayin, ta juya hannu ta dubi agogo. Saura kwata.

"Goma ba ta yi ba," in ji ta.

Matar ta kalle ni, na yi mata alama ta tafi. Muka ci gaba da zama, tana duba agogo jefi-jefi, har waƙar ta tsaya.