Tsakanin Shiga da Cika

Ni ba mace ce mai haƙuri ba, kowa a unguwarmu ta Argungu ya san da haka. Shekara da shekaru ina turara shinkafa ina kai wa inji, kuma duk wadda ta taɓa yi mini aiki za ta gaya maka bakina ya fi hannuna sauri. A kan shinkafa kaɗai ban taɓa yin gaggawa ba. Na san idan aka kwashe ta daga shanya da sauran danshi a jikinta, inji zai kakkarya ta, don haka ko mai saye yana tsaye a kaina sai ta bushe nake taɓa ta.

Shekarar da Allah ya ba ni kujerar Makka, ita ce shekarar da autata ta samu cikinta na fari. Tana aure a Birnin Kebbi, a Gesse, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, yaro mai kunya wanda har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Da cikin ya tsufa ya ɗauko ta ya kawo mini goyon ciki kamar yadda aka saba, da akwatinta da katin awonta a cikin leda. Ni kuwa na riga na gama shiri. Na tara itacen wankan jego a bayan ɗaki har ya kusa kai katanga, na surfa geron kunun kanwa, na daka yaji. Yayyenta mata uku duk ni na yi musu wanka da hannuna, kuma ina alfahari da hakan. Ƙanwata, wadda muke katanga ɗaya da ita, ta ce idan tafiya ta zo in tafi abina, ita za ta kula da yarinya. Na ce mata ruwanta ba ya zafi, ko kaza ba za a fige da shi ba. Muka yi dariya, amma ni har cikin raina nake faɗa.

Sai aka aiko cewa jirgin rukuninmu zai tashi nan da mako biyu. Washegari autata ta je awo, ta dawo da rana tsaka tana jan ƙafa, ta zauna a bakin tabarma tana fifita da katin.

"Mi sunka ce?" na tambaye ta.

"Sun ce lahiya lau, Inna. Cikin ya shiga wata tara."

Ya shiga ta ce. Kunnena ƙalau yake, kuma na haifi 'ya'ya bakwai, na san abin da ke tsakanin ciki ya shiga wata tara da ya cika wata tara. Kusan wata guda ne cur. Amma na zauna na lissafa da yatsuna, na ga idan aka bi ta katin nan ina can ƙasa mai tsarki za ta haihu, ƙanwata ce za ta fara ɗaukar jaririn, ita za ta yi wanka, a yi suna babu ni. Raina ya ƙi wannan lissafi. Kafin la'asar, da ƙanwata ta leƙo ta katanga tana tambayar yadda aka yi a asibiti, sai na ji bakina ya ce, "Sun ce ya cika." Ban gyara ba.

A wajenmu mai tsohon ciki takan sha maganin zaƙi. Tsofaffi suna cewa akwai wani zaƙi da ke taruwa a jikin mace ya tare wa haihuwa hanya, sai an sha jiƙo ya wanke shi. Ni ma na sha a zamanina. Da wannan hujja na yafa mayafi na nufi gidan tsohuwar ungozomar da ta yanke wa duk 'ya'yana cibiya. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, idonta ya yi rauni, amma hankalinta yana nan daram. Na ce mata ba na zaƙi nake so ba, wancan nake so, mai tayar da naƙuda.

"Watan ɗiyar taki ya cika?" ta ce.

"Ya cika, Gwaggo."

"Ki hwaɗa mani gaskiya. Wanga magani ba ya jiran kowa. Sai wadda ta wuce kwananta aka ba shi, ita ma da tsoro."

"Ya cika har ya gota," na ce.

Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗora wa tsohuwar nan laifi, ta riga mu gidan gaskiya. Sau biyu ta tambaye ni, sau biyu na yi mata ƙarya.

Da safe na tace jiƙon a kofi na miƙa wa autata. Ta shinshina ta ɓata fuska.

"Inna, nas ta ce kar in sha komi ba da saninsu ba."

"Nas ta haihe ki ko ni? Maganin zaƙi na, yayyenki duk sun sha."

Ta dube ni, ta dubi kofin, ta shanye. Ba don ta yarda da maganin ba, don ta yarda da ni ne. Washegari ma na ba ta.

Rana ta uku da hantsi ciwo ya tashi. Abin da ya fi damuna idan na tuna shi ne murnar da na yi. Na tashi da sauri na hura wuta, na ɗora tukunyar ruwa, har ina 'yar waƙa. Sai da na koma ɗaki na zauna kusa da ita na lura wannan ba naƙudar da na sani ba ce. Naƙuda takan zo ta murɗa ta saki, mace ta samu ta numfasa, har ta kurɓi ruwa. Wannan kuwa ta kama ta ƙi saki. Na ɗora hannu a cikin na ji shi tauri kamar dutsen niƙa. Yarinya ta daina ko nishi, sai zufa, leɓɓanta suka yi fari. Da na ɗaga zanenta na ga jini, ba irin ɗan alamar da ake gani ba, jini sosai yana bin tabarma.

Ƙanwata na ƙwala wa kira, wadda na ce ruwanta ba ya zafi. Ita ce ta fita ba takalmi ta tare mai keke, ita ce ta kira mijin a waya. A asibitin garinmu suka duba ta, suka sa mata ruwa, suka ce wannan sai Birnin Kebbi, kuma kada a tsaya. Na bi hanyar nan sau ba adadi da buhunan shinkafa, na san kowace kwana da kowane ƙauye, amma ranar sai na ga kamar ana ƙara mata tsawo. Kan autata yana kan cinyata. Fadama ta yi kore shar a gefen titi, mutane suna aikinsu. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ban ji shina motsi ba." Na ce mata barci yake yi.

Mijin yana tsaye a ƙofar asibiti da takalmin ofis. Wadda ta karɓe mu wata nas ce 'yar Filato, babbar mace mai furfura, ta daɗe a Birnin Kebbi. Ta karɓi katin ta duba, ta taɓa cikin, nan take fuskarta ta sauya.

"Mama, lokacinta bai yi ba. Ta sha wani abu? Ki gaya mini don mu san abin da za mu yi."

Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na tsaya kamar an ɗinke shi. Surukina yana gefena yana jiran amsa. Sai muryar autata ta fito daga kan gadon da ake turawa, can ƙasa-ƙasa.

"Ni nis sha. Na gaji da cikin, nis samo magani nis sha da kaina. Inna ba ta sani ba."

Nas ɗin ta dube ni. Ta tambayi sau nawa aka sha da kuma yaushe, autata ta amsa, suka wuce da ita. Daga baya, da ta fito neman sa hannun mijin, ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce mabiyiya, wadda jariri ke samun abinci da numfashi ta cikinta, ta fara rabuwa da mahaifa saboda ƙarfin murɗar, dole a yi aiki yanzu. Ta ce ko ruwan naƙuda na asibiti ba a sa shi sai da dalili, ɗigo-ɗigo ake ƙirga shi, wani yana zaune yana sauraren zuciyar jariri, idan ya yi yawa a rufe. Wanda aka sha a kofi kuwa babu wurin rufe shi.

Aka yi aiki, aka ciro mace. Ba ta yi kuka ba sai da suka yi ta fama da ita. Autata sai da aka ƙara mata jini. Jaririyar suka sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa bakwaini, suka ce huhunta bai gama ƙwari ba. Ta taga aka bar ni na leƙa. Na ga 'yar mitsitsiyar halitta da roba a hanci, duk numfashin da za ta ja sai ƙirjinta ya lotsa ciki. Na tsaya ina ƙirga mata numfashi har ƙafata ta yi sanyi. Kwanakin da suka rage mata ta yi a cikin uwarta, ni na ƙwace mata su, ga shi tana biya da ƙirjinta.

Ranar suna tana kwalba. A gidansu na Gesse aka raɗa shi da safe, babu taro. Surukina ya same ni a barandar asibiti ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sunanki anka sa mata. Da ba ki yi hanzarin kawo su ba, da duk biyun mun rasa."

Na ce Allah ya raya. Abin da na iya cewa ke nan, kuma na tsani kaina da na faɗe shi.

Na so in fasa tafiya, autata ta hana. Ta kama hannuna ta ce in je in roƙa wa 'yarta numfashi. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar kofin ba, a lokacin ko bayansa. Na tafi, na yi ɗawafi, na tsaya a Arfa, kuma duk inda na ɗaga hannu abu ɗaya nake roƙo. Ina can aka kira ni aka ce an fitar da ita daga kwalba ta kama nono. Wankan jegon da na yi duk wannan dominsa kuwa, ba a yi shi ba. Mai ɗinki a ciki ba a watsa mata tafasasshen ruwa da ganye. Da na dawo na tarar damina ta jiƙe itacen, gara ta shiga ƙasansa.

Tun daga nan kowa Hajiya yake kirana. Ƙanwata ta gaya mini surukina ya yi watanni yana fushi da matarsa, yana cewa ta kusa kashe masa 'ya saboda rashin haƙuri. Ta shanye, ba ta tona ni ba. Ni ma na yi shiru, na ce wa kaina tayar da maganar ba zai gyara komai ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina jin daɗin girman da yake ba ni.

Takwarata ta rayu. Shekararta shida yanzu, siririya, ga surutu. Idan sanyi ya shigo ko aka kwana biyu ana ruwa, ƙirjinta yakan riƙe, a kwana ana jin numfashinta yana fito. Likita ya ce ba lallai ne daga haihuwar ba, yara da yawa suna yin haka. Na ji shi, amma ban taɓa jin tarinta na ɗauke shi irin na kowane yaro ba. A dangi kuwa tsokanarta ake yi, wai bakwaini sarkin gaggawa, tun daga ciki ta ƙi jiran lokacinta.

Hutun da ya wuce suka zo Argungu su uku. Na baza shinkafa a tsakar gida, takwarata tana bina tana ja da 'yan yatsun ƙafa wai tana taya ni. Uwarta tana tsince wake a inuwa, ubanta yana kan kujera a bakin zaure yana duba waya. Yarinyar ta ɗan yi gudu kaɗan ta tsaya tana haki, uban ya ce ta bi a hankali, gaggawar nan tata ta isa. Sai ta juyo wurina.

"Takwara, wai gaskiya na? Baba yac ce ni niy yi gaggawar hitowa don in gan ki kahin ki tahi Makka."

Tana murmushi ta faɗa, tana jiran in tsokane ta kamar kullum. Na dubi ƙirjin nan yana hawa yana sauka. Uwarta ta ɗauki laifina shekara shida, yanzu ga shi an fara ɗora wa 'yar, har ta karɓa tana dariya.

"A'a," na ce. "Ke kina zaune abinki inda Allah ya aje ki, ba ki yi gaggawar komi ba. Ni niy yi."

Autata ta ajiye faifan. "Inna," ta ce a hankali.

"Bar ni."

Surukina ya ɗago kai, karo na farko da na ga ya dube ni ido cikin ido. Na aiki takwarata gidan ƙanwata, na jawo tabarma na zauna a ƙasa a gabansa. Na ce masa ranar da matarsa ta dawo daga awo, cewa ta yi cikin ya shiga wata tara, ni ce na mayar da shi ya cika.